Auna Kafin Ki Saya: Kayan Ƙawata Ɗaki da Kyautar da Ba Za Ta Kwana a Kwali Ba

Abu biyu ne ba na fita babu su a jakata: tef ɗin awo irin na tela, da wani ɗan littafi mai baƙin bango. Rabin littafin na gaba awon gidana ne, faɗin kowane bango, tsayin kowace taga, faɗin ƙofar shiga. Rabin baya kuwa sunayen mutanena ne, kowa da shafinsa. Duk abin da zai shiga ɗakina, da duk abin da zan miƙa wa wani da sunan kyauta, sai ya bi ta cikin littafin nan tukuna.

Wata kujera mai cin mutum uku ce ta sa na fara yawo da tef. Na gan ta a shago ta kwanta min a rai, kuma a can, cikin makeken wuri mai dogon rufi, madaidaiciya ce. Da aka kawo ta sai da aka ɓalle ƙyauren ƙofa kafin ta shiga, da ta shiga kuma ta cinye rabin taga. Shekara huɗu ina raɓawa ta gefenta a karkace duk lokacin da zan buɗe labule. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A shagon kayan ɗaki kam ido yana ruɗuwa, domin da girman shagon yake auna kaya, falonki ba ya gabansa a lokacin.

Saboda haka ki fara da awo. Ki auna bangon da abin zai jingina, ki auna ƙofa, in akwai bene ki auna kwanar matakala, nan ne manyan kaya suka fi maƙalewa. Idan abin babba ne, ki shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa daidai girmansa, ki bar su kwana biyu kina harkokinki. Duk ranar da kika ga kina tattaka jaridar don ki wuce, kin sami amsa. Hanyar wucewa tsakanin kaya tana son santimita 75 zuwa 90. Tsakanin kujera da teburin tsakiya kuwa 40 zuwa 45 ya isa: hannu zai kai, gwiwa ba za ta bugu ba.

Kafin ki kashe ko sisi, akwai aikin da ya fi sayayya canza ɗaki, wato kwashewa. Ki samo babban kwali ki zuba duk ƙananan kayan adon da ke kan kanta, kan talabijin da kan teburi. Ki goge wurin, ki bar shi wayam har mako guda. Abin da kika ji kewarsa ki mayar, wanda kika manta yana cikin kwalin ya riga ya gama zamansa da ke. William Morris, wani mai zanen yadi da takardar bango a Ingila, ya faɗa a wata lacca a Birmingham a 1880 cewa kada mutum ya ajiye komai a gidansa sai abin da ya san yana da amfani ko ya yi imani yana da kyau. Ni na ƙara sharaɗi na uku: sai abin da zan iya gogewa ba tare da na ji haushinsa ba. Kayan ado ƙanana guda ashirin aikin ƙura ne guda ashirin.

Yanzu haske, kuma a nan zan daɗe, domin a ganina babu kuɗin da ya fi yin aiki a ɗaki kamar na fitila. Yawancin ɗakuna ƙwai ɗaya gare su a tsakiyar silin, fari fat, yana zubo haske daga sama kamar ɗakin jiran likita. Irin wannan haske yana zurfafa inuwar ƙarƙashin ido, yana kashe launin yadi, kuma komai tsadar kujerunki sai su yi fayau. Ki duba jikin kwalin ƙwan fitila, za ki ga lamba mai harafin K a gefe. Ita ke faɗin launin hasken. 2700 zuwa 3000 haske ne mai ɗumi, mai ɗan rawaya kamar na yamma, shi ya dace da falo da ɗakin kwana. 4000 fari ne tsaka-tsaki, ya dace da inda ake aiki da hannu. 6500 shi ne mai shuɗi-shuɗin nan, ni ba na sa shi inda mutane za su zauna hira. Kada kuma ki haɗa biyu a ɗaki ɗaya, ƙwai mai rawaya nan, mai shuɗi can. Ido ba ya samun natsuwa.

Lamba ta biyu ita ce lumen, ita ce ainihin ƙarfin haske. Wat wutar da ƙwan ke ci kawai yake nunawa. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 yana ba da kusan lumen 800, ƙwan LED kuwa da wat 8 zuwa 10 yake ba da wannan. Akwai ta uku da mutane ba su cika lura da ita ba, ana rubuta ta CRI ko Ra, tana nuna yadda hasken ke fito da launi na gaskiya. Mafi girma 100 ce. Ki nemi 90 zuwa sama don wurin madubin shiri da wurin da kike zaɓen kaya, sai ki daina fita da shuɗi mai duhu kina zaton baƙi ne.

Bayan ƙwai, sai tsayi. Ki sauko da hasken ƙasa. Fitila ɗaya a kan ƙaramin teburi kusa da kujera, wata mai doguwar ƙafa a kusurwar da ta fi duhu, in da hali wata ƙarama a kan kanta. Da dare ki kashe ta sama ki kunna waɗannan. Ranar farko da na yi haka, maigidana ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ko fenti na sake, alhali fitila biyu kawai na ƙara. In kin zauna, gefen ƙasa na hular fitilar ya zo daidai idonki, yadda ba za ki riƙa hango ƙwan tsirara ba.

Labule yana ƙara wa ɗaki tsayi ko ya gajarta shi, ya danganta da inda aka kafa sandar. Kada a kafa ta daf da taga. A ɗaga ta aƙalla santimita 10 zuwa 15 sama da firam, ni har kusa da silin nake kai ta, a bar ta ta zarce gefe da gefe da kamar santimita 20, yadda in an zuge labulen zai tsaya a kan bango ya bar gilashin duka a buɗe. Faɗin yadin ya ninka faɗin tagar sau biyu don ya yi tattara, ƙasansa kuma ya kusa shafar daɓe. Labulen da ya tsaya a rabin hanya kamar wandon da ya yi wa yaro kaɗan yake.

Hoto da zane kusan kowa sama yake kai su. Gidajen nunin zane suna sa tsakiyar hoton a kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa. In a saman kujera ne, ki bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu, faɗin hoton kuma ya kai wajen kashi biyu bisa uku na faɗin kujerar. Guda ɗaya babba ya fi ƙanana biyar a warwatse. In ƙananan gare ki, ki tara su wuri ɗaya: ki fara jera su a ƙasa, ki yanka takarda girman kowanne ki manna a bango, sai kin gamsu sannan a buga ƙusa. Kada rana ta riƙa dukan su kai tsaye, tana cinye launi. Madubi kuwa abin da ke gabansa yake ninkawa, don haka ki tsaya inda za a rataye shi ki juya baya ga bango ki duba. In taga kike gani, madalla, haske zai ƙaru. In tarin takalma ne, su za ki ninka.

Kafet ɗin tsakiya in ya yi ƙanƙanta sai ya zama kamar tsibiri. Ya kai girman da ƙafafun gaba na kujeru za su hau kansa. In kuɗinki bai kai babba mai kyau ba, ki haƙura ki jira. Launi kuwa ba na wahalar da kaina: ɗaya ya mamaye ɗakin, na biyu ya bi masa, na uku ya leƙo nan da can a filo ko tukunyar fure. Masu sana'ar suna kiran wannan rabo 60, 30, 10. Ni daga abu ɗaya da nake ƙauna nake ɗauko launukan, yawanci yadi, in yanko ɗan ƙyallensa in maƙala a littafina.

Inda na fi jin daɗin farauta shi ne wurin masu sayar da kayan da aka taɓa amfani da su. An ce araha ba ta ado, amma mafi kyawun abin da ke falona, wata tsohuwar fitila mai gindin tagulla, a ƙarƙashin tarin tarkace na tsinto ta baƙa ƙirin. Ki tafi da ɗan maganaɗisu: tagulla ta gaske ba ta kama shi, in ya manne to ƙarfe ne aka shafa wa ruwanta. Katako ki duba gefensa da ƙarƙashinsa. Na gaske za ki ga zanen jijiyarsa ya zagaya har ƙarshen allon, na garin katako da aka matse kuwa fata ce aka liƙa masa, kuma da ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Ki jawo durowa ki mayar, ki girgiza kujera, ki leƙa ko akwai ƙananan huji da garin itace a ƙasa, alamar ƙwaro ke nan. Ki shinshina, domin warin danshi ba ya barin soso. Tsohuwar fitila sai mai gyaran wuta ya sake mata waya kafin ki jona. Tsofaffin kwanonin tangaram masu fenti a bar su a ado kawai, domin wasu da dalma aka haɗa ƙyallinsu. Duk wata doguwar kanta ko durowa kuma a ɗaure ta da bango in akwai yara a gidan; yaro yana jawo durowa ya taka, kayan su rufto masa. Wannan ba na sassauci a kansa.

Shuka mai rai tana yi wa ɗaki abin da furen roba ba zai yi ba. Sai dai kada a sayar miki da ita da sunan tace iska. Maganar ta samo asali ne daga wani gwajin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da aka yi a 1989 a cikin akwatuna rufaffu. A 2019 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka ce sai an cusa shuka 10 zuwa 1000 a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da iskar da ke shiga da fita gini take yi da kanta. Ki buɗe taga, shukar kuma ki so ta don kyanta. Mai farawa ta nemi dangin moɗa, masu dogayen ganye a tsaye kamar takobi, suna jure duhu da mantuwa. Yawan ban ruwa ya fi ƙishi kashe shukar ɗaki: ki tsoma yatsa a ƙasar, in da laima ki bari, kuma tukunyar lallai ta kasance da huji a gindi. Wasu shuke-shuken kyan ɗan maciji gare su. Difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, tana ƙona baki da maƙogwaro in yaro ya tauna, furen lili kuma yana lalata ƙodar kyanwa.

Sai rabin littafin na baya, wanda ni a wurina ya fi na gaba nauyi.

A 1993 wani masanin tattalin arziki, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibai a Jami'ar Yale nawa za su iya biya da kansu don kyaututtukan da aka ba su. Ya ƙiyasta cewa kyauta tana asarar tsakanin kashi 10 cikin 100 zuwa kashi ɗaya bisa uku na darajarta a idon mai karɓa, kuma asarar ta fi yawa in mai bayarwar bai san mutumin sosai ba. Ban yarda a auna zumunci da lissafi kaɗai ba, amma na san abin da ya gani, domin ni ma a saman kwabata akwai kwalaye uku da ban taɓa amfani da abin cikinsu ba, kuma duk masoyana ne suka ba ni. Mai bayarwa yana hango minti ɗayan da za a buɗe ƙunshi a yi murmushi. Mai karɓa kuwa shi zai zauna da abin shekaru.

Shi ya sa nake sauraron ƙorafi. Mutum ba ya cika cewa ga abin da yake so, amma kullum yana faɗin abin da ke damunsa. “Kullum sai na nemi makullina.” “Wuyana ciwo yake in na tashi.” “Wayar cajar nan ba ta kaiwa gado.” Da na ji irin wannan, in na keɓe sai in rubuta a shafin mai maganar, ko da sauran wata takwas kafin wani dalilin kyauta ya taso. In na shiga gidan mutum kuma ina lura da abin da ya tsufa don yawan amfani, domin shi ne abin da yake so da gaske. Tawul da ya sallace, faranti da ya fashe a gefe amma an ƙi yar da shi, almakashin da ya dakushe. Ki sayi irin wannan abin, amma mai ingancin da shi ba zai yarda ya saya wa kansa ba. Tawul biyu masu kauri sun fi akwatin ado mai kayan wanka goma sha biyu da ba a san ingancin ko ɗaya ba.

Kayan ado na gida su ne kyauta mafi haɗari, duk da su aka fi kai wa wanda ya tare a sabon gida. In kin ba mutum babban agogon bango ko zane, kin zaɓar masa abin da zai kalla kullum, kin kuma ɗora masa nauyin rataye shi don kada ki zo ki ga babu. Abincin wani gubar wani. In ba kin san launin ɗakin da ɗanɗanon mai shi kamar tafin hannunki ba, ki tsaya a kan abin da ke aiki kuma ba ya jayayya da kowane launi: kwandon saƙa na zuba tarkace, tiren katako, bargo mara zane, gilashin fure fari. Ko ki ba da abin da ke ƙarewa, kamar sabulu mai kyau ko kyandir. In kyandir ne ki haɗa da bayani: a rage lagwanin zuwa kamar milimita 6 kafin a kunna, kunnawar farko a bar shi sai saman ya narke har gefe don kada ya yi rami a tsakiya, kada ya wuce awa huɗu yana ci, kada kuma a fita a bar shi. Ƙamshi sai kin tabbata, domin mai asma ko mai ciwon kai na ɓari ɗaya azaba zai zame masa. Shuka ma kada ki ba wanda kullum yana kan hanya. Aiki kika ba shi.

Tambaya ba abin kunya ba ce. “Yaya, me ya rage miki a ɗakin nan?” ta fi zato sau goma. In kina son ya zama ba-zata, ki tambayi wanda suke kwana gida ɗaya. In ku da yawa ne, ku haɗa kuɗi ku sayi abu ɗaya mai nauyi da ake buƙata, ya fi kowa ya zo da nasa ƙaramin kwalin. Ki ajiye rasit kuma, ki faɗa da bakinki cewa in bai yi ba a canza, ba za ki ji komai ba.

Akwai kyautar da ba a shago take ba. Hotunan mutane yanzu duk a waya suke, ba mai wanke su. Ki zaɓi guda ɗaya, ba wanda aka jeru ana kallon kyamara ba, wanda aka ɗauka ana tsakiyar dariya, ki wanke shi ki sa a firam mara hayaniya, ki rubuta rana da wuri a bayansa. Ko ki ɗauki abin da mutum yake ƙauna da ya lalace ki kai gyara: agogon mahaifinsa da ya tsaya, kujerar da yadinta ya yage. Mutanen Japan suna da sana'ar da suke kira kintsugi, suna liƙe fasasshen kwano da wani irin ƙaro su bi tsagar da garin zinariya, gyaran ya zama shi ne adon. Su ne kuma suke naɗe kyauta da ƙyalle mai kusurwa huɗu da suke kira furoshiki, a ɗaure kusurwa biyu masu kallon juna, sannan sauran biyun. Na ɗauki wannan dabara: ina naɗewa da ɗan yadi mai kyau wanda shi ma za a yi amfani da shi, babu takardar da za a yage a zubar. A ciki nakan sa layi biyu da rubutun hannuna, in faɗi dalilin da ya sa na zaɓi abin.

A shafin Goggona na taɓa rubuta kalma uku: “allura, dare, ido.” Na ji ta ne tana cewa ta daina ɗinki bayan magariba saboda ba ta ganin kafar allura, ita da ɗinkin hannu ne hutunta. Wata biyar bayan nan na kai mata fitilar teburi mai lanƙwasa wuya, da ƙwai na 4000 mai CRI sama da 90, da doguwar waya saboda na riga na auna nisan soket daga kujerar da take zama, mita biyu da rabi ne. Ban naɗe ta da komai ba. Na jona, na karkato kan fitilar ta bayan kafaɗarta ta hagu don kada inuwar hannunta ta faɗa kan ɗinkin, na miƙa mata allura da zare. Ta zura a karo na biyu, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “'Yar nan, miƙo min kwandon can.”